Kukan Da Kurma Ke Ji

Idan Bahaushe yana zaune kunnensa ya ɗauki wani siririn kuka, tiiii, kamar an ja zare a cikin kansa, abin da ya saba faɗa shi ne ana ambatonsa a wani wuri. Wasu ma har rarrabewa suke yi, su ce in kunnen dama ne to alheri ake faɗa a kansa, in kuwa na hagu ne to an sa shi a faifai. Kafin ya gama lissafin ko wane ne mai ambaton, kukan ya ɗauke, ya ci gaba da harkarsa. Wannan kam babu wanda bai taɓa ji ba, kuma ba ya hana kowa barci.

To amma fa akwai bayin Allah waɗanda kunnensu ya soma irin wannan kuka bai kuma daina ba. Ba minti ɗaya ba, ba yini ba, shekara da shekaru. Likitoci suna kiran wannan larura tinitus, wato mutum ya riƙa jin ƙara alhali babu wani abu a waje da yake yin ta. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara ƙididdigar ƙasashe da dama, ya kiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 ne suke da ita a duniya, kuma fiye da miliyan 120 daga cikinsu abin ya yi musu tsanani. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, waɗanda wannan ƙara ta fi addaba su ne waɗanda muke zaton ba sa jin komai, wato kurame, musamman waɗanda suka taso da jinsu sa'an nan suka rasa shi daga baya. Cikin manyan da kurumtarsu ta kai a yi musu tiyatar dasa na'urar ji, kusan huɗu cikin biyar suna fama da wannan kuka. Mu dai masu ji muna kallon kurma a gefen taro mu ce ya huta da surutun duniya. Ina hutu!

A gidanmu kurame biyu ne, kuma babu wanda aka haifa da ita. Ƙanena ya rasa jinsa yana ɗan shekara 9, a annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan ta kuma kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa. Zan dawo kansa. Ta biyun ita ce Yayarmu, babbar ɗakinmu, wadda tata kurumtar ta same ta da girmanta, tana da 'ya'ya biyar da keken ɗinki biyu da 'yan mata masu koyon aiki a hannunta.

A 2015 aka gano Yaya tana da tarin fuka, kuma irin mai gardama wanda maganin da aka saba bayarwa ba ya kashe shi. A wancan lokaci maganin irin wannan tari ya haɗa da wata allura mai suna kanamaisin, wadda ake yi kusan kullum har tsawon watanni. Allurar tana kashe ƙwayar cutar, amma an daɗe da sanin cewa tana taɓa kunne. Wajen wata na huɗu Yaya ta fara cewa tana jin kukan gyare da rana tsaka. Daga nan ta daina jin ƙarar waya, sai muryar yara, sai ta mata, sai ta maza, can ƙarshe har ƙofa ta buga da ƙarfi ba ta waiwayowa. Tari ya warke sarai, alhamdu lillahi, amma ya tafi da kunnuwa biyu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga jerin magungunan da take ba da shawarar a yi amfani da su wa irin wannan tari, aka koma ga ƙwayoyin haɗiya. Shekara uku kacal tsakani. Na kan tuna wannan in yi shiru, domin babu wanda zan kama da laifi. Da ba a yi mata allurar ba da yanzu wani zancen ake yi.

Da magana ta gagara sai muka koma rubutu. Nakan kawo mata littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowa in zai yi mata magana ya rubuta, ita kuwa ta amsa da baki, muryarta wani lokaci can sama wani lokaci can ƙasa don ba ta jin kanta. A cikin waɗannan littattafai, waɗanda har yau suna nan a akwatina, akwai wuraren da ita ma ta riƙa rubutu da dare idan barci ya ƙi. Nan na ga siffar abin da take ji. Wata rana ta ce kamar injin markaɗe ne aka kunna a ɗakin maƙwabta aka manta da shi. Wata rana kamar tukunya tana tafasa. Wata rana gyare dubu. Akwai inda ta rubuta cewa keken da take takawa ba ta jin sa, amma akwai wani keken a cikin kanta wanda ba ya gajiya, ba ya kuma neman mai.

Ba sai na faɗa wa mai karatu irin shawarwarin da suka riƙa shigowa gidan ba. An ɗiga man zaitun, an ɗiga man habbatussauda, an yi hayaƙi, an yi tofi. Wata gwaggonmu ta dage cewa mutanen ɓoye ne suke yi mata magana, tunda ga shi tana jin abin da ba wanda yake ji. Addu'a kam ta taimaka wa zuciyarta ƙwarai, wannan ni shaida ne. Amma mai da ake ɗigawa bai ko kusanci inda ciwon yake ba, domin kuwa ƙarar ba a ramin kunne take ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda na fahimta daga bakin likitocinta da kuma abin da na karanta. Sauti yana shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, dodon kunne ya kaɗa wasu 'yan ƙasusuwa guda 3, su kuma su miƙa kaɗawar ga wata 'yar gaɓa da ke can cikin ƙashin kai. Wannan gaɓa ba ta fi ƙwayar gujiya ba, a nannaɗe take kamar katantanwa, kuma da sunan katantanwar ma Turawa suke kiran ta. Da za a warware ta, tsawonta kamar milimita 35 ne. Cike take da ruwa, kuma a jere cikinta akwai wasu ƙwayoyi masu ɗan gashi a ka, wajen 15,000. Idan ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayoyin su mai da motsin ya zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai wa ƙwaƙwalwa. Na bakin katantanwar su ne masu jin siririn sauti, na can ƙuryarta masu jin kakkaura. Allurar da aka yi wa Yaya daga baki take fara ɓarna, shi ya sa ƙarar waya da muryar yara suka riga tafiya. Kuma waɗannan ƙwayoyi in sun mutu a kunnen ɗan Adam sun mutu ke nan. Kaza ma ta fi mu gata a nan, don nata sukan sake tsirowa.

To idan ƙwayoyin sun mutu, saƙo ya daina zuwa, me zai sa a ji ƙara? Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san amsar. Ka shiga aji mai yara 80 kana koyarwa, kowa ya nutsu yana kwafe abin da ke allo. A kira ka ofis minti biyar. Kafin ka kai ƙofar shugaban makaranta ajin ya zama kasuwar Kurmi. Ba wani baƙo ne ya shigo da surutun ba, yaran nan ne dai, aiki ne ya yanke musu. Haka sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ji yake. An halicce shi don ya riƙa karɓar saƙo dare da rana. Idan saƙo ya ɗauke sai ya ƙara kasa kunne, ya ƙara murɗa kansa sama kamar mai neman tasha a rediyo, har ɗan motsin da jijiyoyi suke yi su kaɗai ya zama ƙara a wurinsa. Irin wannan ne yake sa wanda aka yanke wa ƙafa ya riƙa jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi.

Wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun nuna wannan tun a 1953. Sun ɗauki mutum 80 masu lafiyayyen ji, suka riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya cikin ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti biyar. Kashi 94 cikin 100 suka fito suna cewa sun ji ƙara, wani ya ce shuuu, wani ya ce tiiii. Wato ni da kai ma muna ɗauke da kukan nan, hayaniyar duniya ce take rufe mana shi. Kurma kuwa an saka shi a wancan ɗaki an kulle, an tafi da makulli.

Wanda jinsa ya ragu kawai, akan ba shi 'yar na'urar nan ta maƙalawa a kunne mai ƙara ƙarfin sauti, kuma sau da yawa takan rage kukan. Mun saya wa Yaya, ba ta yi komai ba, domin ƙara wa sauti ƙarfi ba shi da amfani idan masu karɓarsa sun mutu. A nan ne wani likitan kunne ya fara yi mana zancen na'urar da ake dasawa. Ita wannan tsallake matattun ƙwayoyin take yi ta tafi kai tsaye ga jijiya. Kashi biyu ce. Akwai na waje, wanda ake rataya shi a bayan kunne, yana ɗauke da makirufo da batir da 'yar kwamfuta mai daddatsa sauti. Akwai kuma na ciki, wanda ake dasawa ƙarƙashin fatar kai, da wata siririyar waya mai laushi da ake zurawa cikin katantanwar. A jikin wayar akwai bakunan lantarki, 12 ko 16 ko 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Maganaɗisu ne yake manne na wajen da na cikin, fata tana tsakani.

Ba yau aka fara ba. A 1957 wasu mutum biyu a Faris, Djourno da Eyriès, suka fara taɓa jijiyar jin wani kurma da lantarki, ya ji wani abu. William House ya yi dashensa na farko a Amurka a 1961. Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Graeme Clark na Ostareliya, wanda mahaifinsa ma kurumta ta taɓa shi. Ya daɗe yana neman yadda waya za ta bi lanƙwasar katantanwa ba tare da ta yi ɓarna ba, sai wata rana a bakin teku ya ɗauki katantanwa ta gaske ya zura mata ciyawa, ya ga ciyawar da take da taushi a tsini da ƙarfi a gindi ita ce take bin lanƙwasar har ciki. A 1978 ya dasa na'urarsa mai bakuna da yawa a birnin Melbon. Duk waɗannan mutane ji suke nema wa kurma, ba maganin kukan kunne ba. Amma tun a shekarun 1970 House ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ya yi wa aiki suna dawowa su ce ƙarar da ke kansu ta lafa idan na'urar tana kunne. Malami ya dawo aji ke nan.

Daga baya aka bi abin da gangan. A birnin Antwerp na Beljiyam, Paul Van de Heyning da abokan aikinsa suka ɗauki mutum ashirin da 'yan kai waɗanda kunne ɗaya ne ya mutu musu, ɗayan yana ji, amma kukan mataccen kunnen ya hana su sakat. Suka dasa musu na'urar musamman saboda kukan. A sakamakon da suka wallafa a 2008, kusan dukansu abin ya ragu sosai, kuma idan aka kashe na'urar sai ya dawo. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an gama magana. A 2015 wasu masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan suka tattara binciken da aka yi a kan masu kurumtar kunne biyu, suka tarar alƙaluman sun bambanta ƙwarai daga wannan asibiti zuwa wancan. Waɗanda kukan ya ɗauke musu gaba ɗaya, a wani wurin kashi 8 ne cikin 100, a wani wurin har 45. Da yawa ya ragu bai ɗauke ba. Akwai binciken da ya sami har kashi 25 da nasu ya ƙaru, akwai kuma inda har kashi 10 na waɗanda ba su da kukan tun farko suka tashi da shi bayan tiyata. Ba abin mamaki ba ne, tunda zura waya cikin gaɓar da ba ta fi gujiya ba shi ma rauni ne.

Likitan nan bai ɓoye mana wannan ba, Allah Ya saka masa. Ya rubuta wa Yaya a littafinta cewa yana da kyakkyawan zaton za ta ji magana, tunda da girmanta ta kurumce kuma ba a daɗe ba, ƙwaƙwalwarta ba ta manta Hausa ba. Amma batun kukan, ya ce ba zai yi mata alkawari ba. Galibi yakan ragu, wani lokaci ba ya motsi, wani lokaci ma yakan ƙaru.

Saura kuɗi. Abin da aka lissafa mana, da na'ura da tiyata da jirgi da masauki, ya isa a gina gida. Ba mu da abin da ya kai wannan sai gonar da mahaifinmu ya bari a bayan gari, wadda birni ya riga ya cim mata har masu yanka filaye sun fara zarya. Aka yi taro a ɗakin Inna bayan la'asar. Kawunmu, wanda shi ne uba a wurin, bai goyi baya ba, kuma ba don rowa ba. Ya ce, "Ku yara, gona ba ta ciwo, ba ta mutuwa. Yanzu a sayar da abin da za ku bar wa 'ya'yanku a sa wa baiwar Allah ƙarfe a ka, likitan ma da kansa ya ce ba shi da tabbas? Ga ɗan'uwanku nan shekara ashirin ba ya ji, ya mutu ne?" Ni ina rubuta wa Yaya abin da ake faɗa, tana karantawa. Da ta kai nan sai ta ɗago ta ce, da muryar nan tata da ba ta da linzami, "Kawu, ku gafarce ni. Ni in don ji ne na haƙura, na ji abin da na ji a duniya. Shiru nake nema. Shekara uku ban yi barcin awa uku a jere ba." Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗanlami, rubuta musu ko na kwana ɗaya ne ina so."

Ba a bukatar in rubuta, kowa ya ji. Wanda ya yanke maganar shi ne ƙanena, da aka fassara masa da hannu. Ya nuna kansa, ya nuna kunnensa, ya juya yatsa, sa'an nan ya yi alamar a sayar har da rabonsa. Shi kaɗai ne a ɗakin ya san abin da take faɗa. Kawu ya daɗe yana jan carbi, daga baya ya ce Allah Ya sa alheri.

A 2019 na raka ta Indiya tare da mijinta. Kafin tiyata sai da aka yi mata rigakafin wani nau'in sanƙarau, domin mai ɗauke da wannan na'ura ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da shi. Kunne ɗaya aka yi, na dama, don kuɗinmu iya nan ya tsaya. Aikin bai wuce awa biyu da wani abu ba. Amma ba a kunna na'urar nan take, sai rauni ya warke, kuma makonni ukun da muka yi muna jira su ne mafi muni a duk jinyar. Kukan ya ƙaru, ga jiri, ga baƙon abinci, ga tunanin gona. Ta daina rubutu a littafi. Ni ma na daina kallon idon mijinta.

Ranar kunnawa wata matashiyar ma'aikaciya ta haɗa na'urar da kwamfuta, ta riƙa taɓa bakunan lantarkin ɗaya bayan ɗaya, Yaya tana ɗaga hannu idan ta ji ɗan ƙyas. Da aka gama aka buɗe makirufo, mijinta ya yi mata sallama. Ta kwashe da dariya ta ce, "Alhaji, ai kamar agwagwa ta shiga gwangwani." Haka abin yake da farko, domin bakuna 22 ba za su yi aikin ƙwayoyi dubbai ba, sai a hankali ƙwaƙwalwa take koyon fassara sabon saƙon, kuma ta ɗauki watanni kafin muryoyinmu su koma namu a wurinta. Muna cikin mota za mu koma masauki, direba yana ta danna oda kamar yadda suka saba a can, sai na ga ta dafe kai ta yi tsit. Na zaci ciwo ne. Ta ce, "Injin ya mutu." Na leƙa gaban mota. Ta ce, "Ba wannan ba, nawa."

Bai mutu gaba ɗaya ba, gaskiya. Abin da ya faru shi ne na kunnen dama ya ɗauke muddin na'urar tana aiki, na hagu kuma ya ja baya ya zama kamar ruwan sama a kwanon gidan da ke nesa. Har yau haka yake. Masana suna ganin abu biyu ne suke haɗuwa: sautin waje yana rufe kukan kamar yadda yake rufe namu, sa'an nan lantarkin da ke taɓa jijiya yana sa ƙwaƙwalwa ta sauke murɗin da ta yi sama. Shaidar na biyun ita ce idan Yaya ta cire na'urar, kukan ba ya dawowa nan take. Yakan ba ta kamar rabin awa, wani lokaci fiye, sa'an nan ya fara rarrafowa. Ta koyi yin amfani da wannan rata. Sai ta gama shirin kwanciya tsaf, ta yi addu'o'inta, ta kashe fitila, cire na'ura shi ne aikinta na ƙarshe, don barci ya riga injin isowa. Yawanci yakan riga shi.

Sai dai shirun nan na haya ne, kuma kullum ana biya. Batir ɗin caji yake so, mu kuwa ga halin wutarmu, har sai da aka saya mata ɗan faifan sola saboda shi kaɗai. Zufa da ƙurar hunturu suna cin 'yar wayar da ke haɗa na'urar da maganaɗisu. Ana so a riƙa komawa lokaci lokaci a sake saita ta a kwamfuta, sai ga annobar korona a 2020 ta rufe hanya, daga baya da ƙyar muka sami mai yi a nan gida. Da darajar naira ta faɗi a 2023, 'yar wayar nan da ba ta kai tsawon yatsa ba ta koma cin fiye da rabin albashina. Akwai lokacin da ta tsinke muka yi kwana 19 muna jiran wata. A kwana na uku Yaya ta aiko a kawo mata sabon littafin rubutu. Duk wanda zai sayar da gona saboda wannan aiki, ya lissafa da wannan tun kafin ya sa hannu, domin masu tallar na'ura ranar kunnawa kawai suke nunawa.

Na ce zan dawo kan ƙanena. Da za mu tafi Indiya mun tafi da hoton kunnensa, ko Allah zai sa. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ya kamata a ga ramin katantanwa, babu rami, duk ya zama ƙashi. Haka sanƙarau yake yi; yakan sa katantanwa ta fara daskarewa cikin 'yan makonni ko watanni, shi ya sa a ƙasashen da suke da hali ake gaggauta dashe da zarar an ga yaro ya tashi daga sanƙarau babu ji. Namu yaran na 1996 ba wanda ya yi musu wannan zance, kuma ko an yi babu inda za a kai su. Da na dawo na yi masa bayani, sai ya ɗaga kafaɗa. Ya yi makarantar Tudun Maliki, kafinta ne, yana da mata da 'ya'ya uku masu ji, yana kuma da majalisarsu ta kurame inda ake hira da maganar hannu har dare ya raba. Wannan harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta rubuta littafi a kansa aka buga a 2000. Ya ce shi ko da hanya ba ya jin zai yarda a fasa masa kai don ya ji hayaniyar 'yan adaidaita.

Kukan fa? Yana nan, in ji shi, tun ranar da ya farfaɗo a asibiti yana yaro. Nasa kamar ƙugin babbar mota ne a tsaye. Yakan ƙaru idan ya gaji, ko ya yi zazzaɓi, ko ransa ya ɓaci. Amma ya ce ya daɗe da daina sauraronsa, kamar yadda mai gida a bakin titi yake daina jin motoci. Likitoci ma da wannan suke aiki ga wanda dashe bai yiwu gare shi ba: ba su iya kashe ƙarar, sai su koya wa mutum yadda zai daina tsoronta har ƙwaƙwalwa ta mai da ita bayan fage. Shi babu wanda ya koya masa, shekaru ne da randa da zarto. Ya ce idan yana goge katako, tsumar da ke bi ta hannunsa takan ɗauke masa hankali daga motar, har sai ya ajiye aiki ya tuna tana nan.

Yaya ta fara koyon maganar hannu a wurinsa tun lokacin kwana 19 ɗin nan, ta ce ba za ta sake yarda wata 'yar waya ta mai da ita baƙuwa a gidanta ba. Ranar Juma'a da daddare yakan zo gaishe ta. Wani lokaci takan cire na'urar ta sa a caji, su zauna a tabarma ƙarƙashin fitila suna hira da hannu, mu masu kunne muna gefe ba ma gane rabin abin da ake faɗa. Suna da wata alama da suka ƙirƙira tsakaninsu: ya juya yatsa a gefen kunne ya ɗaga gira, wato yaya injin yau? Makon jiya ta nuna masa kaɗan da yatsu biyu. Shi kuwa ya buɗe hannuwa, don ya kwana biyu yana fama da mura.